Kek Ɗin Surukata Ya Sauka Daga Motata Lafiya Lau

Akwai wata ƙarya da take yawo a garinmu Coyhaique tun watan Yuli, tsakiyar hunturunmu, kuma tunda babu wanda ya ga dama ya tsaya mini, ni Heriberto Oyarzún zan tsaya wa kaina. Ana cewa wai ni na hallaka kek ɗin bikin cikar surukata shekara tamanin. Mutum sittin da wani abu sun ga kek ɗin nan ya fita daga motata lafiya lau, ko ɓarɓashi bai zube ba. Abin da ya same shi daga baya, sai a je a tambayi mai manyan tayoyi.

Bari in fara daga motar. Shekara ashirin da shida ina tuƙa tsohuwar a-kori-kurar da na gada wajen mahaifina, kuma duk garin nan an san ba a taɓa tura ni a ƙanƙara ba, in ban da sau uku da ba laifina ba ne. Sirrin mai sauƙi ne, mahaifina ya koya mini: da zarar dusar ƙanƙara ta sauka, ka jera buhunan yashi a baya, ka sa tayoyinka masu kyau a baya, ka ɗaura sarƙa a baya. Da injinta ya gaji ya kwanta, matata Eduvina ta matsa mini lamba har na sayi wata 'yar ƙaramar mota ja, irin mai ƙofar but da ake ɗagawa sama. Kyakkyawa ce, ban musa ba. Ta dace da gashin bakina.

Sanyi na shigowa na kai ta wajen Don Floridor mai taya, na ce ya ba ni tayoyi masu ƙusa, na tafiya a ƙanƙara, guda biyu.

"Huɗu, Don Heriberto," in ji shi.

"Biyu."

"Huɗu. Ka sa biyu a gaba, gindinta ya riƙa yi maka wutsiya a kowace kwana. Ka sa biyu a baya, ko tudun gyaɗa ba za ka hau ba. Wannan motar da gaba take ja."

"Floridor, ka taɓa ganin dokin da ƙarfinsa ke hannu?"

"Wannan ba doki ba ce."

"Ina tuƙi a ƙanƙara tun kana hura wa keke iska. Huɗu na matsorata ne. Sa min su a baya."

Ya dube ni, ya dubi motar, ya ɗan shafa mata bonet kamar mai yi wa wani ta'aziyya, sannan ya ɗauko sifana. Na lura har yau bai gaya wa kowa cewa ni na koya masa wannan darasi ba.

Kek ɗin kuwa, kwana uku Eduvina tana yin sa. Hawa huɗu, kowane hawa na shekara ashirin, an shimfiɗa madarar sukari a tsakani, tsayinsa ya kai mini ƙugu. A can ƙoli ta ɗora hoton mahaifiyarta Doña Uberlinda da ta ƙera da sukari, zaune a kan doki, fuska a ɗaure kamar yadda muka santa. Ta girke shi a kan babban katakon da take murza fulawa, wanda shekaru da man shanu suka sa ƙasansa ya yi sulɓi kamar gilashi. Za a yi bikin da tsakar rana a zauren unguwa, can saman tudu.

Daren jajibirin bikin ya zubar da dusar ƙanƙara har gwiwa, da safe motar shara ta wuce ta danne ta, hanya ta zama madubi.

"Nibaldo ne zai kai kek," in ji Eduvina, tana ɗaura gyale.

Nibaldo ƙaninta ne. Yana da wata shirgegiyar mota mai ja da ƙafa huɗu, kuma tun da ya saye ta ya daina gaishe ni da hannu biyu.

"Ina raye? A ce kek ɗin gidana ya shiga zaure a motar wani?"

"Tsoho, ba na son magana."

"Uwarki ta yi shekara talatin tana cewa kin auri baki babu hannu. Yau za ta gani."

Ta tsaya ta dube ni. "Ni zan yi gaba da Goggo Petronila mu shirya tebura. In Nibaldo ya zo ka ba shi. In kuma shaiɗaninka ya rinjaye ka, ga igiya, ka ɗaure katakon da kyau, ka bi doguwar hanya ta bayan tudu. Kuma ka ji da kunnenka: ko kusurwa ɗaya ta kek ɗin nan ta lotsa, ɗakin itace za ka koma da kwana har ƙanƙara ta narke."

Ɗakin itacenmu bango uku gare shi. Na ambaci wannan ne don a san abin da na sa a caca.

Suna fita na buga wa Nibaldo waya.

"Suruki, an samu matsala. Goggo Petronila tana can gonarta a Valle Simpson, an manta da ita. Babu motar da za ta iya shiga can sai taka."

"To kek ɗin fa?"

"Bar mini wannan ɗan ƙaramin aiki. Kai ne na manya."

Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Goggon tana da gona a can. Ita ce dai ba ta ciki.

Na kwantar da kujerun baya, na zura katakon da kek a tsakiya. Na jera buhunan yashi shida, uku dama uku hagu, daidai kan tayoyin baya, kamar yadda aka koya mini. Na gyara baƙar hulata a madubi, na sa safar hannu ta fata, na fito a hankali har gindin hawan unguwarmu. Doguwar hanya ta bayan tudu kuwa ban ma yi tunaninta ba. Babu gida ko ɗaya a kanta, wa zai gan ni?

Na sa lamba ɗaya, na taka totur. Injin ya yi kuka mai daɗi. Na duba gefe, sai na ga turken lantarkin da ke kusa da ni yana nan inda yake. Na ƙara wuta. Turken bai motsa ba.

Doña Clorinda ta fito ƙofar gidanta da ƙoƙon mate, shayin ganyen garinmu, a hannu tana tsotsa. Ta yi shekara talatin tana tuƙa motar asibiti, abin da ya sa take ganin ta san komai.

"Maƙwabci, ina zuwa?"

"Sama."

"To ai kana nan."

"Ina ɗumama ta."

"Tayoyin gaba ne ke juyawa, ka sani ko? Kuma sun fi kan mijina santsi, Allah Ya ji ƙansa."

"Suna juyawa ne don na baya ba su samu nauyi ba. Su ke ba da umarni, na gaba bi kawai suke yi."

"Na baya ai barci suke."

"Doña Clorinda, da girmanki, je ki sha mate ɗinki."

"Ina sha. A nan ya fi daɗi yau."

Na fita na ɗauko sarƙoƙin tsohuwar a-kori-kura. Da na ɗora su a tayoyin baya sai suka yi musu yawa, kamar an sa wa kyanwa sarƙar sa. Igiyar Eduvina tana nan a kujera, ban riga na ɗaure katakon ba, don haka na yanka ta biyu na tamke sarƙoƙin da ita. Duk mai hankali abin da zai yi ke nan. Kek ai ba ya gudu.

Kafin in gama, tagogi sun buɗe. Wani ya fito da kujera. Matar mai gidan burodi ta kawo soyayyen burodi tana rabawa, ba ta miƙo mini ba.

Na sake takawa. Wannan karon mun motsa, gaskiya ce, taku biyu zuwa baya.

"An samu ci gaba," in ji Doña Clorinda.

Nan ne Allah Ya kawo Baldomero mahauci, sanye da kwat ɗin biki, yana shirin hawa tudu a ƙafa. Shi ya yanka ragunan da ake gasawa a sama, an gayyace shi. Baldomero mutum ne da in ya shiga jirgin ruwan fito sai a roƙe shi ya zauna a tsakiya.

"Baldo, ɗan'uwana, kai da tafiya a ƙasa ina nan? Zo in kai ka."

"Allah Ya saka, Don Heri." Ya nufi kujerar gaba.

"A'a, ta baya. Can ne wurin manyan baƙi, ka ga gari da kyau."

Na ɗaga ƙofar but, ya zauna a baki, ƙafafu na reto a waje, kek na bayansa. Motar ta yi wani nishi, ta ɗaga hanci sama kamar mai shinshinar ruwa. Da na shiga, sararin sama kawai nake gani ta gilashi.

"Yanzu kam tayoyin gabanka gaisawa kawai suke da ƙasa," in ji Doña Clorinda. "Ka mayar da mahaucin gaba, ka cire yashin nan, ka kwance sarƙa ka sa inda aiki yake."

"Wa ke tuƙin nan, ni ko ke?"

"Har yanzu dai babu kowa."

Aka yi dariya. Ni ba na jin zafin dariya, amma ƙafata tana ji. Ta danna totur har ƙasa. Tayoyin gaba suka yi fito, hancin motar ya fara zamewa gefe a hankali, cikin natsuwa, gindinta kuwa ya kafe daram a kan sarƙa da mahauci. Muka juya kamar hannun agogo. Na ga gidan Doña Clorinda ya wuce, na ga gidan burodi, na ga mai kujera ya ɗauke kujerarsa. Da muka tsaya, hancin motar na kallon gangare, but na kallon sama.

"Wannan juyi ne da ake koyarwa a ƙasashen waje," na gaya musu ta taga.

Baldomero ya sauko, fuskarsa ta yi kalar kitse. Ya dafa mota ya zagayo gaba. "Don Heri, bari in ɗan zauna, duniya na yawo." Ya ɗora jikinsa a kan bonet. Hancin motar ya sauko ƙasa, har na ji tayoyin gaba sun ce ƙurus a cikin ƙanƙara.

Ni niyyata in ɗan ja baya in gyara tsayuwa. Na sa ribas, na saki kuloci.

Motar ta tafi.

Ta tafi sama, da baya, kamar wadda aka kira sunanta. Turken lantarki ya wuce. Na biyu ya wuce. Baldomero ya kife a kan bonet ya cafke ƙarafan goge gilashi, hancinsa manne da gilashin, idonsa cikin nawa.

"Don Heri, tsaya."

"Ba a tsayawa a hawa, Baldo. Duk direba ya san wannan."

"Ina da 'ya'ya huɗu."

"Za ka riga kowa zuwa, ka samar musu wuri."

"Takalmina ya fita."

"Za a kawo maka."

Na leƙa ta taga na ɗaga wa Doña Clorinda hula. "Kin gani? Da ta sa bayanta gaba ai ga shi ta tafi. Baya ke ja."

"Mahaucin ke ja," ta ce, amma ta ajiye ƙoƙon ta biyo mu. Duk layin suka biyo mu, har da mai kujera, da karnuka biyar. Ina tuƙi da madubi, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana murza gashin baki. Ta buɗaɗɗiyar ƙofar but ina hango saman tudu yana matsowa, ga kuma Doña Uberlinda ta sukari a kan dokinta tana jagorantarmu, fuska a ɗaure. A rayuwata ban taɓa yin kyau kamar wannan lokaci ba, kuma babu wanda ya ɗauki hoto.

Na danna ham tun daga nesa, don kada wani ya ce bai gani ba. Jama'a suka fito farfajiyar zaure. Ga raguna uku a tsire jikin sanduna kewaye da wuta, ga mai kiɗan akodiyon, ga surukata ta gaskiya a kujera an lulluɓe ta da bargo, Eduvina a gefenta, Goggo Petronila a ɗaya gefen. Farfajiyar shimfiɗaɗɗiya ce, an tattake ta ta zama ƙanƙara zalla, daga can ƙarshenta kuma doguwar hanya ta gangara bayan tudu.

Muna hawa kan shimfiɗar, Baldomero ya ga dama ta samu. Ya saki ƙarafan, ya mirgina ya faɗa cikin tarin dusar ƙanƙara. Ba sallama, ba godiya.

Ni kuwa na ga ina dosar surukata da baya, da ɗan sauri. Na taka birki da ƙafa, na fizgi na hannu.

A nan nake so masu zagina su buɗe kunne. Tayoyin nan biyu masu ƙusa, da sarƙoƙin mahaifina, da buhunan yashi shida, duk abin da aka yi ta yi wa dariya tun safe, suka kama ƙasa kamar an dasa su. Motar ta tsaya cak. Ko taku ɗaya ba ta ƙara ba. Ku je ku tambayi Floridor ko ya taɓa ganin birki irin wannan.

Katakon ne bai tsaya ba.

Ya bi tsakanin buhunan, ya fita ta ƙofar but, ya sauka a kan ƙanƙara da wani ɗan sauti mai ladabi. Kek ɗin ya ɗan girgiza, ya gyara zama, hawa huɗu cif, ya kama hanya. Mai akodiyon ya daina. Jama'a suka dare biyu suka ba shi wuri, wani tsoho har da cire hula. Ya wuce gaban surukata a hankali, ta sukari da ta gaskiya suka dubi juna.

"Eduvina," in ji tsohuwar, "wancan ni ce?"

"Ke ce, Mama."

"Ina za ni?"

Kek ya wuce raguna, ya wuce ƙofar zaure bai ko leƙa ba, ya kai bakin gangaren baya, ya ɗan yi jim kamar mai shawara, sannan ya sunkuya ya tafi. Karnuka biyar suka rufa masa baya.

Muka ruga bakin gangaren. Har a lokacin, ina rantsuwa, ko kusurwa ɗaya ba ta lotsa ba. Yana tafiya tsakiyar hanya ɗoɗar, ya fi wasu direbobin da na sani riƙe hannu. Sai ga shirgegiyar motar Nibaldo ta ɓullo daga kwana, tana hawowa da fushi, tayoyi huɗu masu ƙusa suna cizon ƙanƙara. Da a ce tayoyinsa irin nawa na gaba ne, da yana can ƙasa yana fama, kek ya wuce abinsa. Amma ina. Shi mai kayan aiki.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an taka jiƙaƙƙen bargo.

Nibaldo ya ƙaraso farfajiya, ya fito, ya buga ƙofa. Bai ma san abin da ya taka ba.

"Na je har gona, babu kowa sai awaki. Ina Goggo?"

"Ga ni, ɗan nan," in ji Goggo Petronila. "Tun jiya ina gidan yayarka. Wa ya aike ka?"

Duk farfajiyar ta juyo ta dube ni. Ni kuma na nuna tayarsa ta gaba, inda madarar sukari ke ɗiga, kan dokin ya maƙale tsakanin ƙusoshi.

"Jama'a ku shaida," na ce. "Na kawo kek har gaban mai biki, a kan lokaci, babu tabo. Wannan bawan Allah ya zo ya taka uwarsa."

Doña Clorinda ta iso tana haki, riƙe da takalmin Baldomero. "Kafin a yanke hukunci, a tambaye shi ina igiyar da aka ba shi."

Eduvina ba ta tambaya ba. Ta zagaya bayan motar, ta duƙa, ta dubi igiyarta ɗaure a jikin sarƙa. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta miƙe ta miƙo mini tafin hannu.

"Makulli, Tsoho."

"Eduvina, a gaban mutane?"

"A gabansu ka zo da baya."

Surukata ta sa aka ciro mata abin da ya rage na dokin daga tayar. Ta juya shi, ta gutsira, ta tauna a hankali.

"Shekara tamanin," ta ce, "ban taɓa ganin kek ya gudu daga biki ba sai da Heriberto ya rako shi. Ku yanka rago."

An dasa kyandirori a cinyar rago, ta hure su. Mutane suna cewa ba a taɓa biki mai daɗinsa ba, amma ka ji wani ya zo ya ce mini na gode?

Yau kwana arba'in da ɗaya ina ɗakin itace. Buhunan yashin nan shida su ne katifata, kuma sai yanzu na gane ba a banza mahaifina ya riƙe su ba. Washegarin bikin Eduvina ta kai motar wajen Floridor ya cika mata tayoyi huɗu, Doña Clorinda ta koya mata hawa da lamba biyu, ƙafa a sassauce. Yanzu tana haye tudun nan kamar ba komai, kuma kowa na yaba mata.

Abin da ba su lura da shi ba shi ne, duk ranar da ta yarda ta ɗauke ni, ba na zama a gaba. Ita tana cewa don ba ta son jin bakina ne. Ni dai na san me nake yi a kujerar baya, daidai kan taya, na saki nauyina gaba ɗaya. Ba don ni ba, da tuni sun ga yadda ake zamewa.